Yadda ake gane bajon hular hafsan sojan ruwa da zamanin da aka yi shi

Tambaya: Na sayi wata tsohuwar hula hana-sallah a hannun dillalin kayan da. Samanta fari ne, an zagaye ta da baƙin ƙyalle, a goshinta kuma akwai bajo na zaren zinariya: kambi a sama, anga a tsakiya, ganye ya kewaye ta dama da hagu. Dillalin ya ce ta hafsan sojan ruwan Ingila ce ta lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta yaya zan tabbatar?

Amsa: Malam, siffar da ka kawo ta bajon hafsan sojan ruwan Birtaniya ce, amma siffa kaɗai ba ta isa a ce na 1914 ne ba. Wannan tsari na kambi da anga da ganye tun 1856 ake ɗinka shi, har gobe kuma ba a daina ba. Bajo ba ya faɗin shekararsa. Iyakarsa ya nuna maka tsakanin shekara kaza da shekara kaza, sai ka riƙa matse tazarar da abin da ka gani a bayansa da cikin hular. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce, abu mafi sabunta da aka samu a jikin kaya shi ke yanke hukunci. In komai ya yi kama da na 1916 amma zaren da aka ɗinka shi na roba ne, to zaren za a bi.

Fara da kambin. Birtaniya tana sauya siffar kambi a kayan soja idan sarauta ta sauya, ko da yake ba kowane sarki ke sauyawa ba. Na zamanin Sarauniya Biktoriya, wanda ya ƙare a 1901, kafaɗunsa a buɗe suke, suna da kusurwa, tsakiyarsa kuma ta ɗan lotsa. Bajon wancan lokaci ma yawanci ƙarami ne idan aka jera shi da na baya. Da Edward na Bakwai ya hau, aka koma kambin da ake kira na Tudor, wanda masu tara kayan nan ke ce wa kambin sarki. Shi samansa a dunƙule yake kamar an kife ƙwarya, babu lotsawa ko kaɗan, ƙwallo da gicciye suna zaune a ƙololuwa. Wannan kambi ya ratsa sarakuna huɗu: Edward na Bakwai daga 1901 zuwa 1910, Joji na Biyar zuwa 1936, Edward na Takwas da bai cika shekara ba, da Joji na Shida zuwa 1952. Daga 1953 aka shiga amfani da kambin Sant Edward na Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wanda bakansa biyu suka kumbura a gefe sannan suka nutse a tsakiya, har samansa ya yi kamar zanen zuciya.

In kana son ka horar da idonka ba tare da littafi ba, nemi tsohon kwabo mai huji. Kwabon zamanin Sarki Joji yana da kambi a saman hujin, shi ne kambin sarki. Ajiye shi kusa da kwabon Najeriya na 1959, ka dubi bambancin saman kambunan biyu. Abin da za ka nema a bajon ke nan.

To amma akwai tarko biyu a nan. Na farko, kambin sarki ya ɗauki shekara hamsin da ɗoriya, yaƙin duniya biyu duk a cikinsa suke. Dillali ya fi son ya ce na Yaƙin Ɗaya ne domin ya fi tsada, alhali na Yaƙin Biyu sun fi yawa nesa ba kusa ba, saboda ɗimbin hafsoshin wucin gadi da aka ɗauka tsakanin 1939 da 1945. Na biyu, Sarki Charles na Uku ya dawo da kambin Tudor bayan hawansa a 2022, don haka yanzu ana ɗinka sababbin bajo na halal masu kambin sarki. Da can in an ga kambi dunƙulalle sai a ce ya girmi 1953, yau wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta. Sannan sauyin kambi bai taɓa faruwa a rana ɗaya ba. Hafsa da kuɗinsa yake sayen kayansa a wajen tela, ba zai yar da bajo mai kyau don an naɗa sabuwar sarauniya ba, shi ya sa ake ganin kambin sarki a hotunan tsakiyar shekarun 1950.

Bayan kambi sai anga, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi. A bajon hafsa, angar ƙarfe ce farar azurfa, da igiya ta nannaɗe ta, tana zaune a kan ɗan tudu baƙi. Kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya an bambanta hafsoshin da ke ba da umarni a jirgi da na sauran sassa irin su likitoci da masu biyan albashi: na farko angarsu fara ce, na biyu ruwan zinariya. Idan ka ga anga mai ruwan zinariya ƙarƙashin kambin Biktoriya ko na sarki, ka samu abin da ya matse maka tazara sosai. Sai dai ka duba da kyau, domin azurfar da ta sha hayaƙin taba takan yi rawaya. Leƙa gefen angar inda ya shige cikin ƙyalle, nan ne asalin launin yake ɓuya.

Haruffan da ake samu a jikin wasu bajo ma suna magana. RNR na rundunar ko-ta-kwana ce da aka kafa a 1859, mafi yawansu ma'aikatan jiragen kasuwanci ne. RNV na 'yan sa-kai ne da aka kafa a 1903. An haɗe rundunonin biyu a 1958. Idan kuwa a gurbin anga ka ga farar mikiya ta buɗe fukafukai, wannan na sashen jiragen sama na sojan ruwa ne, wanda ya rayu daga 1914 zuwa 1 ga Afrilun 1918 kawai. Gajartar rayuwarsa ta sa yake da tsada, tsadar kuma ta sa jabunsa suka cika kasuwa. Duk wanda aka miƙo maka, ɗauke shi a matsayin jabu har sai bayansa ya wanke shi. Ganye shuɗi maimakon na zinariya na hafsoshi mata ne, rundunar da aka kafa a 1917, aka rushe a 1919, aka farfaɗo da ita a 1939, aka narkar da ita cikin babbar runduna a 1993.

Mutane da yawa suna rikita bajon soja da na jiragen kasuwanci, kuma a ƙasarmu wannan kuskure ya fi sauƙin faruwa, tunda jiragen kamfanonin Liverpool irin su Elder Dempster sun shekara da shekaru suna zirga-zirga zuwa Legas. Bambancin a fili yake in ka san wurin dubawa. Ganyen bajon soja dogo ne siriri mai santsin baki, irin na itacen lorel. Na jiragen kasuwancin Birtaniya ganyen ok ne, bakinsa tsaga-tsaga, da 'ya'ya ƙanana a tsakani. Angar tana kan jan tudu, kambin kuma ba na sarauta ba ne, an yi shi da siffar filafilan jirgi da bayan jirgi a jere. Wasu kamfanonin tutarsu suke sawa a tsakiya a madadin anga. Haka kuma kada ka ɗauki na ƙananan ma'aikata a matsayin na hafsa: nasu ƙarami ne, angar tana cikin zoben igiya, ko dai babu ganye sam, ko kuma ganyen siriri ne sahu ɗaya.

Akwai inda abin ya shafe mu kai tsaye. An kafa rundunar ruwan Najeriya a 1956, ta samu laƙabin ta sarauniya a 1959, ta ajiye shi a 1963 da ƙasar ta zama jamhuriya. Tambarin rundunar na yanzu mikiya ce a saman anga. Saboda haka bajo mai kambin Elizabeth da ya fito daga akwatin wani tsohon ma'aikaci a nan gida ba dole ne na Bature ba. Kafin rundunar ma akwai Sashen Jiragen Ruwa na gwamnatin mulkin mallaka, wanda reshensa na Arewa ya zauna a Lokoja kafin haɗewar 1914.

Yanzu juya bajon. Idan an ɗinke shi a jikin baƙin ƙyallen, kada ka farke. Ƙyallen yakan zame daga hular gaba ɗaya kamar zobe, sai ka leƙa ta ciki. Fuskar bajo kowa na iya kwaikwayonta, a garin Sialkot na Pakistan ma har yau ana ɗinka irinsa da hannu, wasu don rundunoni na gaske, wasu don kasuwar masu tarawa, kuma aikinsu ba na raini ba ne. Bayan ne mai kwaikwayo ba ya ɓata lokaci a kansa.

Abin da ake kira zaren zinariya a nan ba zare ba ne. Siririyar waya ce ta jan ƙarfe ko azurfa da aka yi wa ruwan zinariya, aka nannaɗe ta kamar sifirin, aka yayyanka guntu-guntu, mai ɗinki ya zura allura ta cikin kowane guntu kamar yana shirya duwatsun wuya, ya kwantar da shi a kan ƙyalle. Iri uku ake haɗawa: mai santsi da sheƙi, mai dishi-dishi, da mai kusurwa-kusurwa da ke walƙiya. A tsohon aiki za ka ga an bambanta su, jikin ganye da iri ɗaya, jijiyarsa da wani iri. Ƙarƙashin wayar akwai ciko na ulu ko kwali da ke ɗaga ganyen. Cikin kambin jan karan-miski ne, duwatsunsa kuma ɗigon zaren siliki ne ja da kore da shuɗi. Angar daban ake buga ta, a soka ƙafafunta ta cikin ƙyalle a lanƙwasa su ta baya. Daga nan a rufe bayan da baƙin ƙyalle mai kauri ko baƙar takarda, da gam irin na da wanda idan ya tsufa yake bushewa ya yi ruwan ƙasa ya farfashe.

Samo gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu sayen zinariya. Duba bakin guntayen wayar inda aka yanka: tsohuwar waya za ta nuna ƙarfe har ciki, sabon abu mai araha kuwa ledar roba ce mai ƙyalli da aka naɗe a kan zare, kuma ba ta dafewa ko ta shekara nawa. Gam mai haske kamar kakin kyandir, wanda ake narkawa da bindigar gam, na zamanin nan ne, ba ya cikin aikin 1916 ko na 1943. Idan akwai bakin zare da ya riga ya saki, yanki abin da bai fi rabin santimita ba, riƙe shi da hantsaki, kai shi kusa da wutar ashana nesa da bajon. Auduga tana cinyewa ta bar toka mai laushi da warin takarda. Ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi, su bar gawayin da ke murƙushewa a yatsa. Nailan da foliyesta narkewa suke su dunƙule su zama ƙwallo mai tauri. Zaren foliyesta bai shiga kasuwa ba sai shekarun 1950, don haka in ka same shi a ainihin ɗinkin, batun yaƙin duniya ya tashi. Na ce ainihin ɗinkin, domin mai yiwuwa wani ya sake liƙa tsohon bajo da sabon zare daga baya. Zaren da ya riƙe wayar shi ne shaida, ba wanda ya haɗa bajo da hula ba.

Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana da amfani. A ɗaki mai duhu, farin zare ko takarda ta bayan shekarun 1950 takan yi haske fari-shuɗi saboda sinadarin ƙara fari da masana'antu suka shiga zubawa. Tsohon abu dishi yake yi. Amma kada ka dogara da ita ita kaɗai: tsohon ƙyallen da aka taɓa wankewa da garin sabulu zai yi haske, sabon baƙin ƙyalle kuma ba zai yi ba.

Dafewar ƙarfe ita ce inda ake yawan cutar mai saye. Waya ta gaske tana dafewa ne daga inda iska da hannu suke taɓawa, wato ƙololuwar ganye da saman kambi, amma lungunan da ke ƙarƙashi suna riƙe sauran haskensu. Ɗaga gefen ganye kaɗan da tsinken sakace ka leƙa. Idan sama ya yi duhu ƙasa na ƙyalli, shekaru ne suka yi aikin. Idan ko'ina launi ɗaya ne har lungu, an tsoma shi a wani abu, ko ruwan shayi, ko hayaƙi, ko an rufe shi da dafaffen ƙwai don sinadarin kibiritun da ke ciki ya baƙanta azurfar. Shinshina shi ma. Tsohon bajo warin akwati yake, ba warin hayaƙi ko magani ba. Ɗan kore-kore a gindin waya alama ce ta jan ƙarfe da ya sha gishirin teku ko laima. Jan karan-miskin kambi yakan koɗe ya koma ruwan ƙasa, gashinsa ya cinye a tudu. Bajon da wayarsa ta yi baƙi ƙirin amma karan-miskinsa ja wur kamar jiya aka yanko shi, akwai magana.

A Yaƙin Duniya na Biyu an yi wani bajo na tsimi, wanda aka buga gaba ɗayansa da ƙarfe aka ɗora a kan baƙin ƙyalle, saboda ƙarancin waya da masu ɗinki. In naka irin wannan ne da kambin sarki, mai yiwuwa na shekarun 1940 ne. A duba shi ta baya: bugun inji yana barin siffar gaban a lotse tsaf, kwafin da aka zuba a cikin ƙasa kuwa bayansa a cike yake, da ƙananan ramuka kamar na soso.

Sai hular kanta, tare da tuna cewa hula da bajo ba lallai tare aka haife su ba. Dillalai suna aurar da tsohon bajo ga sabuwar hula, ko akasin haka. Dubi ƙyallen da ke ƙarƙashin bajon: in sun daɗe tare, wurin zai fi sauran baƙi domin rana ba ta taɓa shi ba, kuma sawun zai yi daidai da girman bajon. Sawun da ya fi bajon faɗi, ko tsofaffin hujojin allura a gefe, suna nuna an sauya. Ka ce saman hularka fari ne. Kafin 1956 asalin hular shuɗiya ce mai duhu, farar riga ake sa mata a lokacin zafi ko a ƙasashe masu zafi, ana cirewa a wanke. Daga 1956 aka mayar da fari na duk shekara. Idan farin naka rigar auduga ce da ke cirewa, akwai shuɗin ulu a ƙarƙashi, hular na iya zama tsohuwa. Idan farar roba ce da aka ɗinke da jikin hular, ta bayan nan ce. Bakin hular na da fata ce mai sheƙi wadda ke tsattsagewa kamar ƙasar fadama a rani, na baya roba ne da ba ya tsagewa haka. Bakin da babu ado na ƙananan hafsoshi ne, sahu ɗaya na ganyen ok na kwamanda da kyaftin ne, sahu biyu na masu muƙamin admiral.

Tambarin tela a cikin hula ya fi komai saurin ba da amsa. Gieves shi ne fitaccen telan hafsoshin ruwa; idan an rubuta Gieves & Hawkes, hular ba ta girmi 1974 ba, shekarar da kamfanonin biyu suka haɗe. Adireshin Landan mai harafi da lamba, kamar W.1, bai wanzu ba kafin 1917. Harafi kaɗai babu lamba yana nuni ga kafin nan, ko da yake tela kan ci gaba da amfani da tsohon tambari har ya ƙare. Idan tambarin ya ambaci sarkin da telan ke yi wa aiki, ka samu zamanin sarauta. Ɗaga fatar da ke shan gumi a hankali, sau da yawa ana samun sunan mai hular da tawada. Da suna a hannu ana iya bin sa a jerin sunayen hafsoshi da rundunar ke bugawa a kai a kai, ko a ma'ajiyar takardun tarihi ta Birtaniya da ke Kew a Landan, inda takardun aikin hafsoshi suke a rukunin ADM 196. Gidan tarihin harkokin teku na Greenwich, shi ma a Landan, yana da tarin kayan sarki masu tabbataccen tarihi da za ka gwada naka da su.

Ko da wata rana na wata ƙasa ya faɗo hannunka: na Amurka mikiya ce a kan garkuwa da anga biyu a gicciye, kuma a 1941 aka juya kanta, da tana duban hagun mai sanye da hular, ta koma duban damansa. Na Jamus zamanin Kaisa, wato sarkinsu, wanda ya ƙare a 1918, kambi ne a kan ɗigon baƙi da fari da ja cikin ganyen ok. Italiya ta cire kambin sarauta bayan 1946. Na Japan furen ceri ne a kan anga.

Abin da ya fi lalata irin wannan kaya a hannun sabon mai shi shi ne son ya ga yana ƙyalli. Kada Brasso ko wani man goge ƙarfe ya kusance shi. Ruwan zinariyar da ke kan wayar bai kai kaurin gashi ba, gogewa ɗaya ta cinye shi, man kuma ya shige cikin ciko ya bushe ya zama farin gari da ba ya fita. Ruwa ma haka, yana kumbura kwalin ciki ya saki gam. Burushi mai laushi irin na masu zane ya isa, a bi da shi yadda wayar ta kwanta. A cusa farar takarda marar asid a cikin hular don kada ta lotse, a ajiye ta a kwali, ba a leda ba, domin leda tana tara gumi da damina. Jarida da robar ɗaure kuɗi suna baƙanta azurfa, a nisanta su. A sa ƙunshi biyu ko uku na ƙwayoyin shan laima irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, a sauya su farkon damina da tsakiyarta. Da hunturu kuwa ƙura da bushewa ne abokan gaba, fatar bakin hula takan ƙara tsagewa, don haka a rufe kwalin, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a riƙa dubawa ko asu ya shiga ulun. Kuma ta ajiya ce, ba ta sawa a fita ba. Dokar Najeriya ta hana farar hula sanya kayan soja.

Game da maganar dillalinka, abin da zai gaskata ta shi ne a samu kambin sarki, waya ta ƙarfe mai dafewar da ba ta kai lungu ba, zaren auduga ko siliki, shuɗiyar hula ƙarƙashin farar riga, da tambarin tela da bai saɓa wa shekarun 1914 zuwa 1918 ba. In tambarin ya goge kuma babu suna, abin da za ka rubuta a katin ajiyarka shi ne “tsakanin 1901 da 1953”, sai in angar ruwan zinariya ce ko akwai haruffan RNV, waɗanda za su ja shi zuwa farkon wannan tazara. In za ka nuna wa wani masani, ɗauki hoto huɗu a hasken rana ba tare da filashi ba: gaban bajo da ruler a gefensa, bayansa, tambarin tela, da ƙarƙashin fatar gumi.